Gashin da Aka Ciro Daga Cikin Ummi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake jarraba bawa kuma Ya nuna masa mafita. A unguwarmu a Daura Binta mai kitso ake ce mini. Fiye da shekara ashirin ina zaune a rumfar tsakar gidanmu, kawunan mata na wucewa tsakanin gwiwoyina. Idona a rufe, in na taɓa kai zan gaya miki ko amosani ne, ko makero, ko zafin man shafawa ne ya cinye gaban goshi. Na fara da sana'ata ne don mai karatu ya san nauyin abin da zan faɗa: shekara shida ɗiyata tana tsige gashin kanta a cikin gidana, ban sani ba. Na rubuta wannan ne don wata uwar ta duba tun da wuri, kuma don akwai wadda na zalunta a cikin jinyar nan, ina so a san ba ta da laifi.

Ummi ce 'yar farina, kuma sunan uwar mijina aka sa mata. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kanta. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa, in tana kuka a gaban mutane sai in kau da kai. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka ni ma na ga ya dace. Ana yaye ta kakarta Hajiya ta ɗauke ta, can ta girma, har ta tashi tana ce mini Anti. Tana da shekara goma sha biyu Hajiya ta rasu, sai ta dawo hannunmu tare da Iya Dije. Ita Iya Dije tsohuwa ce 'yar wani ƙauye a ƙasar Mashi, dangin Hajiya ta nesa, mijinta ya mutu ba ta da ɗa, ta daɗe tana zaune da Hajiya. Muka ba ta ɗakin kusa da ƙofa, su biyu da Ummi. Ita ke taya ni wanke kai da tsifa, kuma ita ke share rumfa da yamma ta tattara gashin mutane ta binne a bayan gida, don a wurinmu ba a barin gashi a sarari, kar ya faɗa hannun mugu. Kitson Ummi kuwa tun tana ƙarama Iya Dije ke yi, a cikin ɗakinsu, ƙofa a saye. Ban taɓa tambaya ba. In ma na faɗi gaskiya, daɗi na ji da aka ɗauke mini.

Ummi ba ta cire ɗankwali ko a tsakar gida, hijabinta kuma har wuyan hannu ko ana zafin bazara. Masu zuwa kitso su ce, "Binta, kin yi dace, wannan ɗiya taki ustaziya ce." Ni kuma in sunkuyar da kai wai ina jin kunya, alhali zuciyata fari ƙal.

Ciwon ya fito fili ne tana ajin ƙarshe na sakandare. Makon farko ciwon ciki ne da amai. Loma biyu ta ce ta ƙoshi. Na aika kemis, mai kemis ya ce gyambon ciki ne, duk 'yan makaranta haka suke in jarrabawa ta matso, ya ba da wani farin ruwa mai kama da nono da ƙwayoyi. Ta sha, babu sauƙi. Dama ita ba mai jiki ba ce, amma a kwana goma sai da wuyanta ya fito, idonta ya yi fari kamar takarda.

A mako na biyu ta faɗi. Da hantsi ne, ina tsakiyar yi wa wata amarya kitso, Ummi ta fito da bokiti za ta ɗebi ruwa, sai kawai na ji ƙarar bokitin. Muka yi kanta da ruwa. A wurin yayyafawa wata ta janye ɗankwalin don ta sha iska, nan na ga kan ɗiyata.

Kitso ne guda biyar, an ƙara su da zaren ulu baƙi, an jawo su ta nan da can an shimfiɗa da dabara, irin dabarar da sai wadda ta san aiki. A ƙarƙashinsu babu gashi. Fili ne fili, wani kamar tafin hannu, wani ya yi ja, wani da ɓawon ciwo a kai. Na kalli girarta da kyau, na ga kwalli ne kawai aka ja. Na tura hannun rigarta sama, duk damtsenta tabo ne, sabo a kan tsoho. Amaryar da ke zaune da rabin kitso ta ce, "Innalillahi!" 

Kafin la'asar labari ya kai Baure, washegari sai ga Yaya Asabe daga can, yayar Malam mijina. Mace ce mai zafin nama, mai son 'yan uwanta, ba na ƙin ta har gobe. Ta duba kan, ta riƙe haɓa, ta ce, "Wannan ba makero ba ne. Wa ke taɓa kan yarinyar nan?"

Na ce, "Iya Dije."

"Gashin da take tsefewa fa, ina take kai shi?"

"Binnewa take yi, Yaya, kamar na kowa."

"Kin gani da idonki?"

Ban gani ba. Ta miƙe ta shiga ɗakin tsohuwar, ni ina biye. Ta ɗaga katifa, sai ga baƙar leda a ƙulle. Da ta kwance, gashi ne cike, mai laushi, mai ɗan ja a baki, irin na Hajiya, irin na Ummi. Babu mai irinsa a duk masu zuwa rumfata.

Iya Dije tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Yaya Asabe ta ɗaga ledar ta ce, "Iya, mene ne wannan?" Tsohuwar ta kalli Ummi da ke kwance, Ummi ta juya fuska bango. Sai ta ce, "Allah Ya sani." Aka yi juyin duniya, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Abin da na faɗa mata ranar ba zan maimaita shi duka ba. Na ce mun ba ta ɗaki, mun ba ta tuwo, ta rasa wanda za ta kai wa boka sai jikar wadda ta rufa mata asiri. Na ce don ba ta haifa ba ne ba ta san zafin ɗa ba. Ni na kwaso kayanta da hannuna na zuba a buhu. Malam yana kasuwar shanu ranar, kafin ya dawo ta riga ta hau mota zuwa Mashi. Ko kuɗin mota ba ta karɓa daga hannuna ba.

Mako na uku da na huɗu na masu ba da shawara ne. Kowa ya zo dubiya da nasa. Wata ta kawo man shanu da garin habbatus sauda a shafa, wata ta ce man darbejiya, wata ta zo da ruwan rijiyar Kusugu a gora ta ce a wanke kan da shi sau bakwai. Yaya Asabe ta kawo hayaƙi daga Baure mai sa hawaye, muna lulluɓe Ummi da bargo tana tari. Na gode musu, don babu wadda ta zo da mugun nufi, amma ciki na nan yana ciwo, gashi kuma yana ci gaba da raguwa bayan wadda muka ce ita ce ta bar gidan. Da na faɗi haka, Yaya ta ce ai aikin ya riga ya ci, warware shi sai a hankali. Wanda ya taimake mu shi ne malamin da Malam ya kira ya yi mata ruƙiyya. Kwana uku yana zuwa bayan azahar. A na ukun ya ce wa Malam, "Ni dai na yi abin da na sani, ban ga alamar komai ba. Addu'a ba za mu fasa ba, amma yarinyar nan jininta ya ƙare, ku kai ta asibiti yau." Allah Ya saka wa wannan bawa nasa.

Asibiti kuwa, wanda bai yi jinya ba ba zai gane ba. Mun isa gari na wayewa, mun tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Ummi na zaune a ƙasa ta jingina da ƙafata har azahar. Aka ce a yi gwajin jini, aka ce wurin gwajin sun tashi, a dawo gobe. Washegari aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, aka ba ta gado, ƙanen Malam ya ba da jini leda ɗaya. Likitan da ya zo zagaye, wani siriri mai saurin magana, ya danna cikinta, ya sake dannawa, ya kama hannuna ya ɗora a saman cibiyarta. Wani abu ne mai tauri kamar ƙullin dawo. Ya ce a yi hoton ciki. Da hoton ya fito ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Katsina, ya ce aiki za a yi, kar mu tsaya shawara. Malam ya sayar da bijimin da yake kiwo don babbar Sallah, muka tafi.

A Katsina mun yi kwana tara muna jira, yau a ce jini bai isa ba, gobe a ce an samu wanda ya fi mu gaggawa. Ina kwana a tabarma a baranda da sauran masu jinya, muna raba ruwan zafi da labarin ciwo. A mako na shida aka shiga da ita tiyata da safe. Wajen azahar likita ya fito, ya kira mu wani ɗan ɗaki ni da Malam da Yaya Asabe, ya buɗe wata tasa.

Gashi ne. Dunƙule guda, baƙi, a cure, ya ɗauki siffar tumbi har da wata 'yar jela. Warinsa ya cika ɗakin. Yaya Asabe ta yi kabbara da ƙarfi, ta ce, "Ga shi nan! Ga jifan nan Allah Ya tona!" Ta ciro waya ta ɗauki hoto, kafin mu fito dangi na Baure da na Daura duk sun gani. Likitan ya ce mata, "Hajiya, wannan ba a dare ɗaya ya shiga ba. Ta baki ya shiga, sili-sili, shekara da shekaru." Ta ce, "Likita, kai ka yi naka, mun gode. Wannan fannin ba naku ba ne."

Ni na matsa kusa na duba. Na ga guntayen zaren ulu a ciki, irin wanda ke kwandon kitsona. Na ga silin duk gajeru ne, an datse su, ba kamar wanda mataji ke fitarwa ba. Jikina ya ba ni likitan ne mai gaskiya. Amma na yi shiru, kuma ga dalilin, ba zan ɓoye ba: a ce an jefi ɗiyata, kowa zai tausaya mana. A ce ɗiyata na cin gashin kanta, gobe a unguwa mahaukaciya za a kira ta. Na zaɓi a bar laifin a kan tsohuwar da ba ta nan.

Kwana huɗu bayan aiki, da la'asar, Yaya ta fita sallah, ina zaune ina yanka lemo. Ummi na kwance idonta a kan rufin ɗaki, kamar mai tunani. Sai na ga hannunta ya tashi a hankali ya shige ƙarƙashin hula. Yatsun suna lalube, suna zaɓe, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta kama sili ɗaya, ta murza, ta fizge. Fuskarta ta saki, ta sauke numfashi. Ta goga gindin gashin a leɓenta, ta sa a baki. Duk wannan da ɗinki a cikinta, da robar ƙarin ruwa a ɗaya hannun.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Ta juyo, ta ga na gani.

Ban san lokacin da na hau gadon ba. Ni da ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba, na jawo kanta na ɗora a ƙirjina, ɗaki cike da jama'a. Ta yi kuka har nas ta zo ta ce kukan zai ɓalle mata ɗinkin. Da ta lafa ta ce, "Anti, wallahi ba da gangan nake yi ba. Na rantse da Alƙur'ani na fi sau ɗari cewa na bari. Wani lokacin ban ma san hannuna ya tafi ba, sai na ga gashi a kan littafi. Wani lokacin kuma sai in ji kamar ana hura mini wuta a ƙirji, in ban cire ba ba zan iya numfashi ba. In na cire sai in ji sanyi, can kuma in tsani kaina."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun zaman makokin Hajiya."

"Iya ta sani?"

"Ita ke kwashe gashin daga kan matashina kullum da safe kar ki gani. Ledar nan tara shi take yi ta binne. Ta ɗaure mini hannu da zane, ta shafa mini ɗaci a yatsu, duk ba su yi ba. Amma ba ta san ina haɗiyewa ba. Ni na roƙe ta kar ta gaya miki. Na ce in kika sani guduwa zan yi."

"Me ya sa, Ummi?"

"Ke fa mai kitso ce, Anti. Kuma ban san yadda ake gaya miki magana ba."

Wannan kalma ta ƙarshe har yau in na tuna ta sai na ajiye abin da ke hannuna.

Likitan tiyata ya ce in ba a magance hannun ba, za mu dawo masa da wani dunƙulen, kuma ba kullum ake dacewa ba. Ya tura mu ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa. Nan aka yi ta. Malam ya ce ɗiyarsa ba ta jifan mutane da dutse, ba za a rubuta sunanta a wannan wuri ba. Yaya Asabe ta ce an riga an ciro jifan, me kuma ya rage? Na gane muddin ana cewa Iya Dije ce, babu wanda zai yarda a kai Ummi inda maganinta yake. A ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin na gaya musu abin da na gani da abin da na ji, ban rage komai ba. Yaya ta ce sihirin ne ke sa ta. Malam ya ce, "Ke nan tsohuwar nan ba ta ci ba ba ta sha ba?" Na ce, "Ba ta ci ba." Ya cire hula ya shafa kai, ya ce a kai Ummi wurin likitocin.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, Bakatsiniya mai sanyin murya. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, wani dogon suna da ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne da ta kalli bakina ta ce, "Mama, kina cin goro ko?" Na rufe baki da mayafi, na ce kaɗan-kaɗan. Ta ce, "In kin ji kanki ya yi nauyi, hannunki da kansa yake zuwa bakin zane ko sai kin aike shi?" Na yi dariya, karo na farko a wata biyu. Ta ce, "To nata goron a jikinta yake. Ba hauka ba ne, ba aljani ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Jaraba ce irin ta mai sigari, sai dai ita ba wani abu take sha ba, wani abu take yi. Ta gano tun tana ƙarama cewa in ta tsige gashi ko ta ɓantari fata, damuwa na sauka na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta riƙe hanyar. Ke in kin ga dama ki bar goronki a gida. Ita duk inda ta je da kanta da hannunta take tafe." Ta ce in gwada barin goro kwana uku kafin mu dawo. Kwana ɗaya da rabi na yi, na kusa cinye 'ya'yan mutane da faɗa, na koma. Tun daga nan ban sake cewa Ummi "ki daure mana" ba.

Muka dawo Daura a mako na tara, muna komawa Katsina duk bayan sati biyu, daga baya duk wata. Hanya ta ci mu, rumfa ta yi wata uku a rufe, wasu masu kitson sun koma wani wuri ba su dawo ba. An ba ta 'yar ƙwaya ta rage fargaba, amma likitar ta ce babban aikin na hannu ne. Ummi ta riƙa rubuta lokacin da abin ke taso mata: in tana karatu, in tana zaune ita kaɗai, in an yi mata faɗa. In ta ji yana zuwa, ta dunƙule hannu ta ƙirga har ya wuce, ko ta ɗauki carbi. Ana yanke farce ƙasa-ƙasa, ana naɗa filasta a babban yatsa da manuni lokacin karatu. Wata maƙwabciya ta koya mata ɗinkin hula, wannan ya fi komai amfani, don allura na cin yatsu biyun nan da take tsiga da su. Ni kuma aka kafa mini doka: ba duka, ba tsawa, ba zuba ido kamar mai gadi. In na ga hannu ya tashi, in miƙa mata wani abu ta riƙe, shi ke nan.

Na karya dokar. Ana saura kwana biyu ta zauna jarrabawar da ta rasa a bara saboda ciwon, na shiga ɗaki na ga gashi a kan tabarma, wurin da ya fara tsirowa ya koma fili. Na buge hannunta, na ce, "So kike ki kashe ni?" Sati guda ba ta kalle ni ba, kuma a satin ta yi wa damtsenta illar da ba ta yi ba a wata uku. Da na gaya wa likitar, ba ta yi mini faɗa ba, ta ce komawa baya na cikin tafiyar, a tashi a ci gaba. Yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni. Ba zan ce ta warke ba, don likitar ma ba ta faɗi haka ba. Haɗiya dai ta bari, gira ta dawo, kai ya rufe sai wuri ɗaya. Akwai sati mai kyau, akwai mara kyau, kuma yanzu in mara kyan ya zo ni take fara gaya wa. Yaya Asabe har gobe jifa take cewa, amma ita ke aiko da zaren hula daga Baure.

Iyaye mata, ku duba kan 'ya'yanku da hannunku, har da na farin. In kun ga fili a kai, ko gira ta ɓace, ko tabon da ba ya warkewa, ku tambaya a hankali kafin ku nemi wanda za ku zarga. In yarinya na tsigar gashi kuma ta fara ciwon ciki, kar ku tsaya kemis.

Zuwa wurin Iya Dije ya fi mini zuwa tiyata wuya, shi ya sa na yi ta ɗagawa har bayan girbi. Daga Mashi na hau babur zuwa ƙauyensu. Na same ta a gidan ɗan ƙanenta, a wani ɗaki da rabinsa buhunan gero ne, tana ɓarar gyaɗa. Ta rame. Hoton nan na waya ya riga ni isa ƙauyen, matan gidan ba sa bari 'ya'yansu su zauna kusa da ita. Na roƙa a tara su, na tsaya a tsakar gida na faɗi gaskiya da ƙarfi yadda na faɗi ƙarya da ƙarfi. Sannan na shiga na durƙusa.

"Iya, ki yafe mini."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Na yafe tun a mota. Ni ma da nawa laifin. Na ɗauka rufawa ce gata, ashe yarinya na mutuwa a hannuna."

"Me ya sa ba ki faɗa ba ranar, Iya? Kalma ɗaya ta isa."

"A gaban Asabe? Da matan unguwa a tsakar gida? Ni tsohuwa ce, Binta, in an ce mini mayya kwana nawa ya rage mini. Ita fa yanzu ta fara."

Na ce ɗakinta na nan, Malam ya ce in taho da ita. Ta girgiza kai. Ta ce ta yafe, amma ƙafarta ba za ta iya sake tsallaka wannan ƙofar ba, in Ummi ta samu hutu a turo mata ita. Na yi magiya har na gaji. Da na miƙe zan tafi ta ƙulla mini gyaɗa a leda, ta rako ni bakin zaure, sai ta ce, "Wa ke mata kitso yanzu?"

Na ce, "Ni."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "To hannunki na da zafi. Bayan kunnenta na hagu akwai wurin da ba ta son a ja, tun tana goye. Ba za ta faɗa miki ba, sai dai ki ga ta riƙe numfashi. In kin zo nan ki sassauta."

Sau goma sha ɗaya na yi wa Ummi kitso kafin wannan ranar, ban lura ba. Mai babur na jira, na ce ya ɗan dakata, na koma bayan zauren na zauna a ƙasa na yi kukana.